Tambaya da Amsa: In shigo da dafaffen garin masara in sayar a Jos?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da shagon kayan masarufi a Taminus, to ƙanina da ke zaune a Sifen ya aiko min wani garin masara a leda wai shi an riga an dafa shi tun daga kamfani, ruwan ɗumi kawai za ka zuba ya haɗe. Yana ta zuga ni mu haɗa kuɗi mu shigo da kwantena ɗaya wai matan aure za su yi rububinsa saboda tuwo. Don Allah a ba ni shawara kafin in saka jarina. Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Garin nan sananne ne, abincin yau da kullum ne a Benezuwela da Kolombiya, wanda ya fi suna a ciki shi ne P.A.N. na kamfanin Polar, garin ya fara fitowa kasuwa a 1960. Yadda ake yinsa, a cire dusa da ƙwayar man da ke cikin masarar, a turara tsakin, a matse shi ya yi fale-fale, a busar sannan a niƙa. Su can ba tuwo suke yi da shi ba, wata waina ce mai kauri da suke kira arepa, a kwaɓa a gasa a tsaga a cusa nama ko wake.

To kin ga tun nan akwai magana. Kafin ki yi lissafin ko sisi ki ɗauki ledar nan ki tuƙa tuwo da ita, ki ba maigida da yara da miyar kuka kar ki gaya musu komai, ki ji me za su ce. Mutanenmu sun san tuwon da aka yi wa talge aka tuƙa da muciya ya turaru, kuma in ya kwana a yi ɗumame da safe, in garin nan bai yi ɗumame mai daɗi ba wallahi kin rasa rabin kwastomominki.

Sai maganar takardu, kuma nan ne ƙanin naki bai gaya miki ba. Abinci ba ya shigowa haka kawai, sai kina da kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai NAFDAC ta yi wa kayan rajista ta ba da lamba, kuma za su nemi takardar wakilci daga kamfanin da ke yin garin, su gwada samfur a ɗakin gwaji, ba abin sati ɗaya ba ne. Sannan doka ta ce garin masara da ake sayarwa a leda sai an ƙara masa sinadarin bitamin A, shi ne tambarin idon nan da kike gani a jikin buhun fulawa da suga. Bayan haka ki buɗe Form M a banki, wato takardar shigo da kaya, kwastam su fitar da PAAR, wato takardar ƙiyasin kuɗin fito, ki biya kuɗin fito, ki biya ejan mai fito da kaya, ki biya tirela daga Apapa har Jos. Gaskiya ne a Oktoba 2023 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ɗage takunkumin hana ba da dala don shigo da kaya 43, wanda masara ta shiga cikinsu a 2020, amma ɗage takunkumi bai sa dala ta yi araha ba, da dala za ki saya da naira za ki sayar.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ina kike zaune. Mangu na nan gefenki, Saminaka ba nisa, duk garuruwan masara ne, ki leƙa kasuwar Katako da kaka ki ga buhunan masara, ga Grand Cereals a hanyar Bukuru suna sarrafa ta tun tuni. Matar da za ta auni mudu ta kai inji a surfa a niƙa mata da ɗan canji, me zai sa ta sayi kilo ɗaya da ya ci kuɗin jirgin ruwa? A Abuja kam za ki samu masu saye a manyan kantunan Wuse 2 da Maitama, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da masu gudun alkama saboda lalura, amma wannan cinikin katan-katan ne ba na kwantena ba.

Dabarar dafawar ita ce abin ɗauka, don gas ya yi tsada gawayi ma haka, kuma ma'aikaciya da ta dawo gida da magariba ko ɗalibai a hostel ɗin Unijos za su so tuwon minti biyar. Ki nemi mai injin da zai turara miki tsakin masarar gida ya busar ya niƙa, ki tabbatar masarar ta bushe sosai ba ta yi fumfuna ba saboda gubar afalatoksin, ki ɗura a ƙananan ledoji na rabin kilo ki raba wa masu tuwo-tuwo da kwastomomin shagonki su gwada. In sun dawo da kansu suna tambaya, ki je ofishin NAFDAC na Jos ki fara neman lamba, rajistar ƙananan masana'antun gida ta fi ta kayan waje sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin da ƙanin naki ya ware na kwantena ki ce ya turo a sayi injin busarwa da na liƙe leda.