Tambaya da Amsa: Mota zan fara saye ko injin niƙa reshe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ni mai karatu ne daga Aboabo nan Kumasi. Shekara shida ke nan ina aikin sare bishiya da rage rassa a gidajen mutane da makarantu, ina da dolma biyu, injin sare itace ke nan, da yara uku masu taya ni. Damuwata kwashe rassan ne, kullum hayar aboboyaa, keken ɗaukar kayan nan mai ƙafa uku, wani aikin sai an yi sawu takwas, kafin ka ankara ribar ta tafi wurin mai keke. Na ɗan tara kuɗi, yayana da ke Amurka ya ce zai cika min ya turo min injin niƙa reshe wanda aka yi amfani da shi, cifa ɗin nan, har ya turo hoto, Vermeer ce mai cin inci 12. Kuma na ga wata Kia Rhino a Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Suame, ta shiga raina. Kuɗin ba zai kai duka biyu masu kyau ba, wanne zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Mota. Ban ma tsaya dogon tunani ba, domin ko yau cifar nan ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema da me za ka jawo ta? Mai cin inci 12 ta haura tan biyu, aboboyaa ba zai ja ta ba, kuma abin da ta niƙa dole sai an zuba shi a bayan wata mota.

Sannan akwai abin da yayanka bai duba ba don ya daɗe a can. A Amurka reshe shara ne, biya ake yi a zubar, shi ya sa suke niƙe komai. Mu nan duk reshen da ya kai kaurin damtse kuɗi ne, masu dokunu da masu waake da masu gidan burodi da masu gawayi suna jiransa, wani lokaci kafin ka gama sauke mangwaro mata sun zo suna taya itacen. To ka sa shi a inji ka mai da shi gari don me? Abin da ke damunka ganye ne da ƙananan rassa masu cika mota ba nauyi, kuma wannan ƙaramar cifa mai cin inci 6 ta ishe shi, irin su Timberwolf ta Ingila akwai wadda ba ta kai kilo 750 ba, mutum biyu za su tura ta cikin lungu. Ka san lungunan Aboabo da Asawase dai ba sai na faɗa maka ba.

Motar kuma, Rhino ba ta da laifi, ita da Hyundai Mighty da Canter da Isuzu duk sun cika gari, kuma abin da ya sa nake son su ke nan, kayan gyaransu ba ka fita Suame ba ka samu, in ya gagara a kira Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra, a sa maka a mota. Kar ka ɗauko motar da fita zai tsaya yana kallonta yana sosa ƙeya. Haka sababbin nan masu matatar hayaƙi a salansa da ruwan AdBlue, aikinka na gajeren zango ne, tashi nan tsaya can, matatar toshewa take yi in mota ba ta samun dogon gudu, daga nan kwamfuta ta rage mata ƙarfi kana tsakiyar hawa da kaya. Tsohon injin dizal mara surutun lantarki ya fi maka kwanciyar hankali.

Ranar dubawa ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, kuma ka tafi da fitanka, ba na mai sayarwa ba. Na taɓa raka wani abokina duba mota, mun isa ƙarfe bakwai mai motar na ta murmushi wai tun jiya ba a taɓa ta ba, na ɗora hannu a kan inji na ji ɗumi kamar an sauke tukunya. Muka ce za mu dawo, washegari muka zo ba sanarwa, sai da aka yi ta murza makulli kafin ta tashi tana aman farin hayaƙi unguwa ta cika. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, yawanci ruwa ne ke shiga, gasket ko kan inji. Shuɗi baƙin mai take sha. Baƙi kuma sau da yawa nozul ne ko matatar iska, wannan da sauƙi. Tana aiki ka buɗe murfin baƙin mai, in tana huci da ƙarfi har murfin na rawa in ka ɗora shi, injin ya gaji. Ka leƙa lagireto tun inji na sanyi ko akwai mai a saman ruwan.

Daga nan ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙasa da tocila da ƙaramar guduma. Hom yus, wato motar da aka yi amfani da ita a waje, da ta fito ƙasar ƙanƙara gishirin hanya ya ci ta, sai a fesa baƙin fenti a rufe tsatsa, ka ƙwanƙwasa shasi musamman wajen maƙalin sifirin, ka duba inda aka yi walda. Inji ana sauya shi, giyabos ma haka, shasin da ya ruɓe kuwa ka sayi ƙarfen awo. In ka samu mai tifa ko da ta ɗan fi tsada ka daure, sauke ganye da hannu yana cin awa guda na yaranka a kowane sawu, masu walda a Magazine za su ɗaga maka bangon bodi. Lambar shasi ta dace da takarda, a yi canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin, kafin ka gama biya, kuma ka duba lasinka, B ba zai ɗauki irin wannan mota ba. In daga waje za a turo, sitiyarin hagu kawai, mun koma hannun dama tun 1974, kuma wadda ta wuce shekara 10 akwai tarar tsufa a kwastan.

Cifa in lokacinta ya yi, ka ce wa yayanka ya ɗauki bidiyo ana ba ta ɗanyen reshe, ba hoto ba. Agogon awa yana ƙarya kamar na mota. A duba wuƙaƙe da ƙarfen da suke yanka a kai, a girgiza faifan a ji ko boris ya saki, a ga tiyon haidirolik ba ya yoyo, sandar tsayarwa kuma a taɓa ta a ga ta tsai da abin jan reshen nan take, injin nan ba ya bambance reshe da hannu. Injin Kubota ko Perkins fitocinmu sun san shi. Ya haɗo maka da wuƙaƙe saiti biyu ko uku da bel, don waɗannan ne za ka sha wahalar samu a nan. Kuma kafin nan ka zaga wurin masu lambu da masu gona ka ji wa zai karɓi garin don shimfiɗa a gindin shuka, masu kaji sun fi son na injin katako irin na Sokoban don ya fi laushi.

Dolmominka biyu, doka ta ce a yi musu rajista a asambuli, majalisar gundumarku, in ba ka yi ba ka yi kafin ka fara yawo da mota mai sunanka da lambar waya a ƙofa.