Masu gadi sun kulle ƙanina awa biyar, suna da wannan ikon?

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce masu gadin wani babban kanti a Abuja sun kulle ƙaninki awa biyar kan zargin ɗauke turare, sai da ya biya kuɗi suka sake shi. Na yi shekara bakwai ina shugaban masu gadi a wani kamfani, don haka bari in sa baki.

Kakin nan da kike gani bai ƙara wa mai gadi komai ba a gaban doka. Ikon da yake da shi na kama mutum, ni da ke ma muna da shi. Sashe na 20 na dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya yarje wa kowa ya kama wanda ya yi laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da laifi irin sata. Sai sashe na 23 ya sa masa linzami: ya miƙa shi ga ɗan sanda nan take, ko ya kai shi caji ofis mafi kusa. Iyakar aikinsa ke nan. Tsare mutum a yi ta titsiye shi, a ƙwace wayarsa, a ce sai ya biya "tara", babu ko ɗaya a cikin dokar. Duka kuwa laifi ne mai zaman kansa, ko da ɓarawon gaske aka kama.

Mun taɓa ɗanɗana kuɗarmu. Wani yaronmu ya kulle lebura a ɗakin janareta tun magariba har wayewar gari kan buhun siminti biyu, wai yana jiran manaja ya zo. Washegari aka ga simintin a bayan sito. Ƙarshenta kamfani ne ya biya diyya, yaron kuma ya rasa aikinsa. Gaskiya ban ga laifinsa shi kaɗai ba; yawancin yaran nan kaki kawai ake miƙa musu da kulki, babu mai zaunar da su ya faɗa musu inda iyakarsu take. Ko bindiga ma dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana su riƙewa.

Ki sa ƙaninki ya rubuta lokacin da aka tsare shi da lokacin da aka sake shi tun bai manta ba, ya adana shaidar kuɗin da ya tura. Ku kai ƙorafi wurin 'yan sanda, ku kuma kai ofishin Sibil Difens, don su ke sa ido kan kamfanonin gadi. In kuna son diyya ku nemi lauya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Ku hanzarta a nemi hoton kyamarar kantin, don ba ya daɗewa wani sabon hoton ke hawa kansa ya goge shi.