Tambayi Likitan Dabbobi: Shin karas zai kare kare daga ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni manomin albasa ne a Aliero, ina kuma taɓa farauta da rani. Ina da karnuka uku masu yi mini gadin rumbun albasa. Bara na rasa karyata Duna, wadda ta shekara bakwai a hannuna. Wani tsiro ne ya fito mata a gaba yana ɗigar jini, har ta rame ta mutu. Yarona mai karatu a Birnin Kebbi ya ce ya gani a Facebook wai in ana ba kare karas da ganye ba ya yin ciwon daji. Mu dai sauran tuwo da miya muke zuba musu. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen nan? Daga mai karatunka a Aliero.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya musanya maka da wadda ta fi ta. Zancen yaronka yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri kafin ya iso Aliero.

Asalinsa wani bincike ne da likitocin Jami'ar Purdue ta Amurka suka wallafa a 2005, a kan wani ɗan guntun kare mai gashi, ɗan asalin Sikotland, wanda ciwon dajin mafitsara ya fi damun irinsa. Sun kwatanta karnuka 92 masu ciwon da 83 marasa shi, suka tambayi masu su abin da suke ba su. Waɗanda ake ba kayan lambu aƙalla sau uku a mako, haɗarin ya ragu musu da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma karas aka fi ba su. To amma ka duba: irin kare ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, kuma abin da masu karnukan suka iya tunawa aka rubuta. Mutumin da ke zama ya yanka wa kare karas, galibi shi ne mai kula da shi ta kowace fuska, don haka da wuya a ce karas ɗin kaɗai ya yi aikin. Ni ina ba da shawarar kayan lambu, amma ban taɓa ce wa kowa rigakafi ba ne.

Yanzu ga Duna. Ban gan ta ba, amma yadda ka siffanta, tsiro a gaba mai ɗigar jini, ya yi kama da wanda muka fi gani a karnukan ƙasar nan masu yawo. Ciwon daji ne mai ban mamaki, don ana ɗaukarsa: ƙwayoyin tsiron su kansu ke manne wa ɗan'uwa wajen barbara, wani lokaci wajen lasa ko shinshina, sai ya fito a hanci ko baki. Kamarsa kamar nama mai gurji-gurji, da an taɓa sai jini. Ko da kwandon karas kake ba ta kullum, ba zai hana shi ba. Abin da ke yi mini ciwo shi ne yana cikin masu jin magani ƙwarai. Allurar binkiristin a jijiya, sau ɗaya a mako, yawanci mako huɗu zuwa shida, sai ka ga tsiron ya narke. Likita kaɗai zai yi ta, don in ta zuba a wajen jijiya tana cinye nama. Kada ka bari mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya gwada a kansu.

Saboda haka, tun kafin maganar abinci, ka duba sauran ukun. Namiji yakan ɓoye nasa a cikin fatar gabansa, alamar kawai ɗigon jini a inda ya kwanta. In ka ga haka, ka raba shi da sauran, ka kai shi asibitin dabbobi mafi kusa, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In akwai mace a cikinsu, ka riƙa shafa nonuwanta kana neman ƙari. Kusan rabin ƙarin nono a karya mugu ne, kuma aikin cire mahaifa da ƙwai tun tana ƙarama yana rage shi ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya sa gabana ya faɗi da na ga daga inda ka rubuto. Albasa guba ce ga kare, Baba, haka ma tafarnuwa. Tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma dafuwa ko soyawa ko shanya ba sa kashe gubar. Albasa guda matsakaiciya tana iya kwantar da kare mai kilo 20, kaɗan-kaɗan na kullum ma yana taruwa. Alamar takan fito bayan 'yan kwanaki: kasala, haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Na san miyar gidan manomin albasa, ba a yi mata rowar albasa. Ka roƙi uwargida ta ɗebe musu tuwonsu kafin a zuba miya.

A maimakonta, a dafa karas ko kabewa ko dankalin Hausa, ko ɗan alayyafo da kabeji, ba gishiri ba yaji, a murƙushe a cuɗa da tuwon. Kare haɗiya yake yi ba tauna ba, in ka ba shi ɗanye a dunƙule haka zai fita. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin. Cokali biyu ko uku sun isa, sau uku a mako. Kare mai farauta ya fi bukatar nama, kayan ciki dafaffe, kan kifi da aka cire wa ƙaya, ko ƙwai.

Wani abu da yaronka bai gani a Facebook ba: likitocin Purdue ɗin nan, a 2004, sun gano cewa karnukan Sikotland ɗin nan da ke yawo a ciyawar da aka yi wa feshin maganin ciyawa sun fi kamuwa da ciwon mafitsarar. Ranar da ka yi feshi a gona, ka ɗaure su a gida har ganye ya bushe, kuma kada a zuba musu ruwa a tsohuwar jarkar magani.