Kwamfuta ta ce babu, alhali fishiyen yana ciki: a yi formataj ko a sayi wata?

Tambayar farko ta wannan satin daga wata Malama ce a nan Damagaram. Ta ce: "Assalamu alaikum Malam, ina da ƴar sakatariya ina buga wa ɗaliban Jami'ar André Salifou mamuwar da sauran takardu. Kwamfutata ta hannu ce mai Windows 10, in na rubuta sunan fishiye a wurin nema sai ta ce babu, kuma wallahi na san yana ciki, musamman aikin da ke cikin D. Mai gyara ya ce a kawo jikka goma ya yi mata formataj, wani kuma ya ce ta tsufa in sayi wata. Wanne zan yi?"

Wa'alaikumussalam Malama. Ko ɗaya kar ki yi tukuna, ki riƙe jikka gomanki, kuma don Allah kar ki bari a taɓa formataj, wato goge diskin a sake zuba Windows, da aikin ɗaliban mutane a ciki. Kwamfutarki lafiyarta lau. Abin da ke faruwa shi ne in kin rubuta suna a wurin neman nan na ƙasa kusa da Démarrer, Windows ba ta tashi ta zagaya diskin gaba ɗaya, wani littafi take buɗewa wanda ta riga ta rubuta sunaye a ciki, shi ake kira index. Kamar mai ajiyar kaya ne a tasha, in buhunki bai shiga littafinsa ba zai rantse miki babu shi alhali ga shi can jingine a lungu. To Windows daga zuwanta wuraren da take rubutawa su ne Documents, Images, Musique da Bureau da makamantansu da ke cikin C. Shi kuwa D, masu gyara ne ke raba diskin gida biyu su ce ki dinga ajiya a can don kar formataj ya cinye, shawara ce mai kyau ƙwarai amma ba sa gaya wa Windows ta sa shi a littafin.

Ki fara gwada wannan don hankalinki ya kwanta: ki buɗe D ɗin da kanki, ki rubuta sunan a ƴar tagar nema ta sama ta hannun dama. Zai ɗau lokaci amma zai fito in sha Allah, don a nan dole ta bi dosiye ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran kuma ga shi. Ki shiga Panneau de configuration, ki nemi Options d'indexation, ki danna Modifier, za ki ga jerin diski da ƴan akwatuna a gefensu, ki sa alama a kan D ko kuma a kan dosiyen aikin kaɗai, ni na fi son na biyun don babu amfanin ta zauna tana lissafa bidiyo da waƙoƙi. Ki danna OK ki ƙyale ta. A nan ne mutane ke gaggawa, minti biyar su gwada su ce bai yi ba. Aikin yana iya cin awoyi in fishiye na da yawa, kuma tana sassauta shi in kina aiki a kanta ko tana kan batir, don haka ki jona ta da wuta ki bar ta a kunne lokacin da kika tashi cin abinci ko bayan kin rufe shago, in wuta ta ɗauke ba komai za ta ci gaba daga baya. A saman tagar za ki ga lamba tana ƙaruwa har ta ce ta gama. In ta gama kuma har yanzu akwai abin da ba ta gani, littafin ne ya lalace, ki koma wurin ki danna Avancé sannan Reconstruire, ba ya goge miki ko fishiye ɗaya, littafin kawai yake yagawa ya sake rubuta sabo.

Abu ɗaya da wannan ba zai gyara ba: takardar da kika yi wa sikan. Ita hoto ce a wurin kwamfuta ko da PDF ce, ba ta karanta rubutun ciki, sunan da kika ba ta kaɗai za ta gani. Shi ya sa raina ke ɓaci in na buɗe kwamfutar sakatariya na ga "Document1", "nouveau", "nouveau bon", haba Malama, ki sa sunan ɗalibi da shekara.

Maganar sayen wata kuma, matsalar nema ba dalili ba ce. Dalilin da zan yarda da shi shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, to ranar da kika shirya saye ki tabbata wadda za ki ɗauka tana karɓar Windows 11, wato Intel ɗinta, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan, daga zubi na 8 zuwa sama. Kafin nan in kina da ƴan kuɗin kashewa ki sayi diskin waje ki kwafe D ɗin nan a ciki.

Na biyu wani matashi ne mai ɗaukar hoton biki daga unguwar Birni: "Malam, hotunana duk suna cikin diskin waje da kile, nema ba ya ganin su sam. An ce akwai lojisiyel na saye da ke gyara wannan, in saya?"

Ƙanena kar ka saya, balle irin wanda ake zuba maka a kile a ce an fasa shi, yawanci da cutarsa yake zuwa. Windows ba ta sa kile a littafinta, diskin waje kuma ko ta karɓe shi yau yana E gobe ya koma F sai lissafin ya rikice. Akwai wani ɗan ƙaramin lojisiyel sunansa Everything na voidtools, kyauta ne, shi nake sa wa duk mai irin aikinka, kana rubuta harafi sunaye na zubowa. Diskin da tsarin ajiyarsa NTFS ne yana karanta shi nan take, amma in exFAT ne ko FAT32 kamar yawancin kile sai ka ƙara shi da hannu cikin saitinsa. Sai dai da suna yake aiki, IMG_2043 ba zai gaya masa auren waye ba, don haka ka raɗa wa kowane dosiye suna irin "2024 hawan sallah fada" ko sunan unguwa da watan bikin.

Kuma ka duba wani abu, tunda kile ɗinka na yawo shago-shago wajen wanke hoto. In dosiyen sun ɓace gaba ɗaya sai wasu gumaka masu ƴar kibiya a gindinsu suka maye gurbinsu, wannan cutar rakursi ce ta ɓoye su, hotunan na nan. Kar ka danna gumakan, kar ka yi formataj, a fara wanke kile ɗin da antibiris sannan a bayyano ɓoyayyun dosiyen a kwashe su zuwa wani wuri.