Hukuncin cin gaiwar da aka tono a busasshiyar fadama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a fadamar kogin Jama'are, ƙasar Katagum. Muna haƙa rijiyar ban-ruwa sai muka tono gaiwa biyu a cikin busasshen laka. Ɗaya diga ta sare ta ta mutu, ɗayar da ranta. Muka dafa muka ci ba tare da yanka ba. Wani abokin aikinmu ya ce mushe muka ci, tunda a tudu muka same ta, kuma da huhu take numfashi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam manomi, abin da kuka ci halal ne, da wadda diga ta kashe da mai ran.

Abokin naku ya lura da kyau, a wajen hukuncin ne ya zame. Gaiwa tana da huhu biyu, kuma ko a cikin ruwa sai ta riƙa ɗagowa tana shaƙar iska. In aka danne ta a ƙasa ta daɗe, mutuwa za ta yi. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jiki, ta kai jelarta kan fuskarta. Yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar ɗan rami daidai bakinta don iska. Haka za ta kwana watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokar jikinta, har damina ta sauka. Da mutanenmu ke cewa gaiwa tana cin jikinta, ba su faɗi ƙarya ba. 

To amma a ina take ƙyanƙyashewa? A ruwa. A ruwa take kiwo, tana murƙushe dodon koɗi da ƙananan kifaye, a ruwa take zuba ƙwai, namijin ya tsaya yana gadi. A cikin laka ba ta kiwo, ba ta haihuwa, jiran ruwa kawai take. Saboda haka dabbar ruwa ce, ta shiga faɗin Allah a Suratul Ma'ida aya ta 96, inda Ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa. Ta shiga kuma hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Malamai sun haɗa kogi da tafki da kududdufi a wannan hukunci.

Shaihu Khalil a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya taɓo daidai inda abokinku ya tsaya: ya ce mushen dabbar ruwa mai tsarki ne ko da rayuwarta a tudu ta yi tsawo. Masu sharhi suka ba da misali da kada da kwaɗo da kunkurun ruwa. In an faɗi haka a kan kada mai ƙafa huɗu, ina ga kifi? Hanafiyya ma, da suka taƙaita halaccin a kan kifi kaɗai, abin da suka hana shi ne wanda ya mutu don kansa ya taso saman ruwa, ban da wanda ƙarfe ya kashe.

Sai dai ka kula da jininta. A mazhabarmu ta Malikiyya jinin da ya kwarara najasa ne ko na kifi ne, don haka in ya ɓata maka riga fiye da faɗin dirhami, ka wanke kafin salla. Wadda aka tarar ta ruɓe a raminta, ko wadda aka kashe da maganin feshi a tafki, a bar ta saboda cutarwa. Mai rai kuma a gaggauta kashe ta, kada yara su yi ta ja da ita a rana. A yi hattara da bakinta, cizonta ba wasa.

Akwai gidajen da ba sa cin gaiwa don kamanninta ko don al'ada. Ba a tilasta wa kowa. An ajiye damo a gaban Annabi (SAW) bai ci ba, ya ce ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, Khalid ɗan Walid ya jawo ya ci Annabi yana kallonsa. Wanda ransa bai so ba ya bari, amma kada ya ce haram ce.

Wallahu a'alam.