Ɗaukaka ƙara bayan juri sun kasa daidaitawa: amsa ga 'yar'uwarmu ta Bronx

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah Ya kawo muku sauƙi. Kin ce an sami ƙaninki da laifin fashi a kotun jihar New York, shaidar da aka dogara da ita ta mutum ɗaya ce wanda ya nuna shi a bakin titi da dare, kuma masu taya alƙali yanke hukunci, wato juri, sun aiko cewa sun kasa daidaitawa kafin daga baya su ce ya aikata. Kina tambaya ko ɗaukaka ƙara za ta yi amfani. Ni ba lauya ba ne, amma na daɗe ina aikin tafinta a kotunan nan, kuma abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Kafin komai, kwana 30 kacal doka ta bayar daga ranar da alƙali ya yanke masa horon da zai yi domin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. Ki tabbatar lauyansa ya shigar, ki nemi kwafi mai hatimin kotu. Idan babu halin biya, za a iya naɗa masa lauyan ɗaukaka ƙara kyauta.

Game da ƙarancin shaida, kada ki ɗora dukkan fatanki a kai. Tun shari'ar Jackson da Virginia ta 1979, ma'aunin shi ne a dubi shaidar ta fuskar da ta fi dacewa da masu gabatar da ƙara, sannan a tambaya ko akwai mai hankalin da zai iya gamsuwa da ita, kuma shaidar mutum ɗaya tana iya isa. Sai dai a New York kotun ɗaukaka ƙara ta farko tana da ikon sake auna nauyin shaidar da kanta, ta duba haske a wurin, da nisan da ke tsakani, da ko siffar da mutumin ya fara bai wa 'yan sanda ta yi daidai da ƙanin naki. Ki roƙi lauyan ya kawo wannan hujja daban, domin ta fi waccan ƙarfi.

Inda na fi so ki zuba ido shi ne abin da ya faru bayan juri sun ce sun cije. Rashin daidaitawarsu na ɗan lokaci ba hujja ba ce a karan kansa, domin tun shari'ar Allen ta 1896 aka yarda alƙali ya ce su koma su ƙara tattaunawa. Abin da aka hana shi ne tursasawa. A 1965 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukunci a shari'ar Jenkins saboda alƙali ya ce wa juri dole ne su kai ga matsaya. Na sha tsayawa kusa da wanda ake tuhuma ina fassara masa irin wannan jawabi a kunne, kuma bambancin yakan kasance a jimla ɗaya: ko alƙali ya tunatar da su cewa kada kowa ya saki abin da zuciyarsa ta gamsu da shi don kawai a tashi, ko bai tunatar ba. Lauyan ya duba wannan, ya duba minti nawa suka yi kafin su dawo da hukunci, da ko lauyan farko ya nuna rashin amincewa nan take, domin abin da ba a yi ƙorafi a kansa a lokacin ba yakan yi wuyar tayarwa daga baya.

Akwai kuma ita kanta takardar da juri suka aiko, wadda shugabansu yake rubutawa da hannu, a sa mata lamba a ajiye a fayil. Bisa shari'ar O'Rama ta 1991, wajibi ne alƙali ya sanar da lauyoyi ainihin abin da ke cikinta kafin ya amsa. Idan taƙaitawa kawai ya yi, wannan kuskure ne da kan rushe hukunci ko da ba a yi ƙorafi ba. Saboda haka ku nemi cikakken rubutaccen bayanin zaman kotu tare da kwafin takardun.

Ki sani cewa nasara ta hanyar kuskuren alƙali wajen mu'amala da juri sabuwar shari'a take kawowa, ba sallama ba. Idan kuma ƙaninki bai zama ɗan ƙasa ba, ku ga lauyan shige da fice tun yanzu, domin hukuncin fashi na shekara ɗaya ko fiye yana iya jawo a mayar da shi gida. Ki gargaɗe shi kada ya tattauna shari'ar ta wayar gidan yari, domin ana naɗar maganganun.