Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wasu 'Yan Wasa Kan Dushe Idan Sun Koma Sabuwar Gasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A gidan kallon da muke zuwa mun daɗe muna musu a kan Ahmed Musa. Wasu sun ce gasar Firimiya ce ta fi ƙarfinsa, wasu kuma sun ce ba a yi masa adalci a Leicester ba. Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ta yaya ɗan wasan da ya yi suna a wata ƙasa zai je wata ƙasar ya zama kamar bai taɓa buga ƙwallo ba? Don Allah a warware mana. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare a cikinku yana da ɗan abin riƙewa, amma a ganina dukanku kun bar babban dalili a gefe, wato dacewar ɗan wasa da gurbin da aka saye shi dominsa, da kuma yawan mintunan da ake ba shi a fili kafin a yanke masa hukunci.

Ahmed Musa bai je Ingila a matsayin baƙon Turai ba. Bayan ya zura ƙwallaye 18 wa Kano Pillars a gasar Najeriya, ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga nan CSKA Moscow ta ɗauke shi a farkon 2012, inda ya ci kofin gasar Rasha har sau uku. Mutumin da ya jure hunturun Moscow shekara huɗu ba za a ce sanyin Ingila ne ya karya shi ba. Lokacin da Leicester ta saye shi a 2016 kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16, ba ta taɓa kashe irin wannan kuɗi a kan ɗan wasa ɗaya ba, kuma a wasan share fage da Barcelona ya zura ƙwallaye biyu, har jama'a suka ɗauka magana ta ƙare.

Sai dai a kakarsa ta ƙarshe a CSKA, sau da yawa shi ne ɗan gaban da ake tura wa ƙwallo, kuma ƙungiyar ta saba da gudunsa. A Leicester kuwa wannan gurbin na Jamie Vardy ne, wanda shi ma gudu ne makaminsa, kuma babu kocin da zai ajiye mutumin da ya kai shi ga cin kofi. Makonni kaɗan bayan zuwan Musa, ƙungiyar ta sake sayen wani ɗan gaban, Islam Slimani, da kuɗin da ya fi nasa. Sai aka riƙa jefa Musa gefe, a tsarin Claudio Ranieri da ke buƙatar ɗan gefe ya riƙa komawa baya yana taya tsaro daga farkon wasa har ƙarshe. Wannan aiki ne dabam da wanda ya saba yi, kuma koyonsa na buƙatar a buga wasa bayan wasa, shi kuwa yau a sa shi, gobe ya zauna a benci. A watan Fabrairun 2017 aka sallami Ranieri, wanda a zamaninsa aka kawo shi, kuma masu horarwar da suka biyo baya ba su gina tsarinsu a kansa ba. Da aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018 ya ci gaba da cin ƙwallaye, kuma a watan Yunin shekarar ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Ƙafar ba ta canza ba a cikin waɗannan watanni.

Akwai wani wasa da nake so ku tuna. A Janairun 2017 Leicester ta je gidan Everton a gasar kofin FA, tana baya da ci ɗaya, sai Musa, wanda ya shigo daga benci, ya farke kuma ya ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. A wannan ranar ce Wilfred Ndidi ya fara buga wa Leicester wasa, kwanaki kaɗan bayan zuwansa daga Genk ta Beljiyam. Ndidi ya fi Musa ƙuruciya da shekara huɗu, kuma bai kai shi suna ba, amma ya tarar da gurbi a buɗe, domin tun tafiyar N'Golo Kante zuwa Chelsea ƙungiyar ke neman wanda zai riƙa ƙwace ƙwallo a tsakiya. Aikin da aka ba shi shi ne wanda ya iya, aka kuma bar shi yana yi kowane mako, har a kakar 2017/18 babu wanda ya kai shi yawan ƙwace ƙwallo a duk gasar Firimiya. Ƙasa ɗaya suka fito, ƙungiya ɗaya suka shiga, yanayi ɗaya suka tarar, amma ɗaya ya samu wurin zama, ɗayan kuma ya zo ya tarar da mai wuri.

Ban ce gasar Ingila ba ta da nata wahalar ba. Wasa 38 ake bugawa, ba a tafiya dogon hutun hunturu irin na Jamus ko Rasha, alƙalan wasa kan bar gogayyar jiki da a wata ƙasar za a busa, kuma ɗan wasa ba ya samun sakan biyu ya tsayar da ƙwallo ya ɗaga kai. Amma Mohamed Salah ma ya zauna a bencin Chelsea a 2014, ya tafi Fiorentina da Roma, sannan ya dawo wannan gasar a 2017 ya ci wa Liverpool ƙwallaye 32 a kaka ɗaya. Saboda haka idan musu ya sake tashi a gidan kallo, ka tambaye su wasa nawa aka bar Musa ya fara a jere, kuma a wane gurbi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗa mai shekara 17 da ke buga ƙwallo a wata makarantar horar da yara, kuma masu horar da shi suna yabonsa. Wani mutum ya zo ya ce zai iya kai shi gwaji wata babbar ƙungiya a Turai idan muka biya kuɗin tafiya. Hankalina bai kwanta ba. Idan har Allah Ya sa tafiyar ta tabbata, me ya kamata mu duba don yaron ya iya zama a can? Daga wani mahaifi a Jos.

AMSA: Ranka ya daɗe, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura don wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo. Sannan ƙungiyar da ke son yaro da gaske kan aiko da takardar gayyata da za a iya bincika sahihancinta daga wajenta kai tsaye, kuma wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisin FIFA da za a iya dubawa. Yara da dama daga Afirka ta Yamma sun tsinci kansu a titunan Turai ba takardu ba kuɗin komawa, bayan iyayensu sun sayar da gona ko fili. Kada ka ba kowa ko sisi kafin ka tabbatar da waɗannan abubuwa biyu.

Game da sunan babbar ƙungiya kuwa, labarin Victor Osimhen ya isa darasi. A 2015 ya zura ƙwallaye 10 a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta ci a Chile, ƙungiyoyi suka yi ta rububinsa, ya zaɓi Wolfsburg ta Jamus, ya kuma isa can a Janairun 2017 da cikarsa 18. Shekara ɗaya da rabi ya yi bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Rauni ya dame shi, a gabansa akwai gogaggen ɗan wasa irin Mario Gomez, ƙungiyar kuma tana fafutikar kada ta faɗa rukuni na biyu, har ta canza masu horarwa huɗu a wannan ɗan lokaci. Kocin da ke tsoron a kore shi mako mai zuwa ba zai ba yaro ɗan shekara 18 damar yin kuskure ya gyara ba. A 2018 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Osimhen, ya je gwaji ƙungiyoyi biyu a Beljiyam jikinsa bai dawo ba, dukansu suka ƙi ɗaukarsa.

Charleroi ce ta karɓe shi aro, ƙungiyar da yawancin masu kallon ƙwallo a nan ba su san da ita ba. Can aka bar shi yana buga wasa a kai a kai, ƙwallonsa ta farko ma da dunduniya ya ci ta, kuma kafin kaka ta ƙare ya ci 20. Daga nan Lille ta Faransa ta saye shi a 2019, Napoli ta biyo baya a 2020, kuma a 2023 ya ci ƙwallaye 26 a gasar Italiya, ya taimaka wa Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Manomin rani ya san cewa dashen tumatir kan yi yaushi kwanakin farko, kuma abin da yake buƙata a lokacin shi ne ruwa da haƙuri. Wolfsburg ba ta da halin ba da wannan haƙuri, Charleroi kuwa tana da shi.

Don haka idan lokaci ya yi, tambayoyin da za ku yi su ne: wa ke buga gurbin yaron a yanzu, kocin da kansa ne ya nemi a kawo shi ko kuwa shugabanni ne, kuma shin ƙungiyar ta saba sa matasa a fili? Ku tambayi inda zai kwana da wanda zai kula da shi, domin atisaye awa biyu ne ko uku a rana, sauran yinin kuma yaro na zaune shi kaɗai a ɗaki cikin garin da rana kan faɗi da ƙarfe huɗu da rabi a lokacin hunturu. A nan ne kewar gida ke cin mutum. Ku tabbatar za a sa shi ajin koyon harshen ƙasar, saboda ɗan bayan da bai ji abin da mai tsaron raga ke faɗa masa ba zai yi kuskuren da za a ɗora wa iyawarsa. Ƙasashe irin Beljiyam, Holan, Denmark da Norway sun daɗe suna zama matakin farko ga 'yan wasan Najeriya, kuma ni da za a nemi shawarata, can zan fi so yaro ya fara. Allah Ya yi masa albarka, Ya kuma haɗa shi da mutanen kirki.

TAMBAYA: Malam, yaya 'yan wasa Musulmi ke yi da azumi a Turai? Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Malama, manyan ƙungiyoyi da yawa yanzu suna da masana abinci da ke tsara wa ɗan wasa sahur da buɗa-baki, wasu kuma kan sauya masa lokacin atisaye. A watan Afrilun 2021 an dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa, kuma tun daga nan irin wannan tsayawa ta zama abin da aka saba gani a Ingila. Ba kowace ƙasa ce ke yin haka ba, domin hukumar ƙwallon Faransa ta umarci alƙalan wasanta a 2023 da kada su tsayar da wasa don buɗa-baki. Wahalar ta fi yawa idan Ramadan ya faɗo a bazarar arewacin Turai, inda yini kan kai awa 18. Sabon ɗan wasa ya kamata ya sanar da kocinsa da likitan ƙungiya tun kafin watan ya kama, hukuncin shan azumi a ranar tafiya kuma ya nemi fatawar malaminsa.